Dokar da Hamisu Ya Nema

Hamisu ya zagaya moton, wato babur ɗin, ya sake zagayawa, sannan ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Mansur, ina maduban?"

Ƙaninsa Mansur yana zaune a kan bencin 'yan kabu-kabu na bakin kasuwar Madarumfa, ya kifa kai a kan salula, yatsunsa suna ta rawa a kan gilashi. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Yaya, barka da fitowa. Madubi ai ado ne. Ina da wuya, ina waiwaye."

"Ham ɗin fa?"

"Ina da baki."

"Sirdin fa? Wannan buhun siminti da ka naɗe ka ɗaure da roba, shi ma ado ne?"

Sauran 'yan kabu-kabu suka fashe da dariya. Mansur ya sosa ƙeya, ya ce fasinjoji ma sun fi son buhun, wai bai cika ɗaukar zafin rana ba.

Hamisu masunci ne, a tabkin garin yake neman abincinsa. Shekaru ya yi yana ƙulle kuɗin kifi kafin ya je Maraɗi ya sayo moton nan sabo fil, ya miƙa wa ƙaninsa don ya yi kabu-kabu, ya ci da kansa, ya riƙa kai wa tsohuwarsu cefane. Don ya nuna ya yarda da shi, har takardun moton da sunan Mansur ya sa aka yi. Wannan ita ce wautar da ya yi, kuma yau ya gane ta.

"Ina kuɗin kayan da ka kwance suka tafi?"

Mansur ya matso da salular, fuskarsa ta washe kamar wanda za a tambaya labarin budurwarsa. Wasan harbi ne da samarin garin suka haukace a kai. Wasan kansa kyauta ne. Amma a cikinsa akwai akwatuna a rufe, kuma ba sa buɗuwa sai da wasu duwatsu da ake kira lu'ulu'u, su kuwa da kuɗi ake sayensu a rumfar cajin Anas. In ka biya, akwatin ya yi girgiza, ya yi walƙiya, ya buɗe. Abin da ka samu shi ne rabonka. Yawanci hula ce ko takalmi na mutumin da kake harbi da shi a wasan. Mansur yana da irin hula ɗaya har ya daina ƙirgawa. Abin da yake nema bindigar zinariya ce.

"Ta fi sauran harbi?" in ji Hamisu.

"A'a, harbinsu ɗaya."

"Ana sayar da ita a sami kuɗi?"

"Ba a sayarwa."

"To mene ne amfaninta?"

"Yaya, ba za ka gane ba. In ka shigo fili da ita, har mutanen ƙasashen waje sai sun tsaya sun dube ka. Duk Madarumfa ba mai ita. Kuma na kusa. Jikina ya ba ni." Ya rage murya, a zatonsa kwantar wa yayansa da hankali zai yi. "Yau da dare ake janye akwatin. Shi ya sa na yi magana da wani mai gareji, zai zo bayan magariba ya riƙe takardun moto ya ba ni ɗan wani abu. Jingina ce kawai, ba sayarwa ba."

Hamisu ya haɗe fuska. Ya san motocin da aka jinginar a garin nan, bai san ko ɗaya da ya dawo hannun mai shi ba.

"Ba ni takardun."

"Suna wani wuri."

"Mansur!"

Daidai nan wata mata ta taho da kwandon albasa tana neman mai kai ta Gabi. Mansur ya zabura ya ɗora ta a kan buhun siminti, ya buga moto, ya yi wa jama'a ham da bakinsa, ya ɓace. Namiji ne mai gemu, ya kusa shekara talatin. Ba a kama irinsa a zane.

Hamisu ya nufi rumfar Anas. Rumfar kwano ce da farantin hasken rana a kanta, salula a jere kamar kifin da aka shanya, samari sun cika inuwarta, ba mai ce wa wani uffan. Anas matashi ne mai tsafta da ladabi, irin ladabin da ba ya hana mutum cin abin da yake ci. Shi kaɗai ke sayar da lu'ulu'u a garin, don yana da ɗan'uwa a Katsina da ke turo masa su.

"Kawu Hamisu, sannu da zuwa. Caji ne?"

"Kai ne kake cinye moton ƙanena ƙarfe-ƙarfe."

"Ni? Kawu, ni lamba kawai nake sayarwa. Mutum ya ba ni kuɗi, in ba shi lamba. Ko gida zai gina da ita a cikin wasan, ko akwati zai buɗe, ban sani ba. Ban taɓa riƙe hannun kowa na danna masa ba."

"To ka daina sayar wa Mansur."

"Sai ya aiko abokinsa. Kawu, in doka ta hana, wallahi zan bari. Amma ba wadda ta hana."

Hamisu ya riƙe wannan kalma. Doka. Ya tafi biro, wato ofishin magajin gari, ya zauna a benci har aka kira shi. Ma'aikacin da ya tarar ya saurare shi da kyau, har yana gyaɗa kai, don shi ma ɗansa ya sayar da takalman ƙwallonsa. Daga ƙarshe ya tambaya, masu wasan nan a wace unguwa bironsu yake?

"Ina zan sani? A cikin salula suke."

"To ka ga matsalar. Mu sai mai rumfa ko mai shago a cikin gunduma muke iya kira. Waɗannan ko ƙasarsu ban sani ba. In ka samo adireshinsu, ka dawo."

Hamisu ya fito yana huci. Bai tafi gida cin abinci ba, sai ƙofar mai unguwa Abdu. A nan ya dace. Mai unguwa ya gaji da ƙararrakin awaki da suka ɓace a gidajen da ba ɓarawon da ya shiga. Ya sa aka yi shela: kowa ya hallara a ƙofar gidansa bayan la'asar, da liman, da Anas.

Jama'a ta taru fiye da yadda aka zata. Maza a kan tabarmi a gindin dogon yaro, mata daga baya a tsaye, masu talla sun kewaye wurin da farantansu, don taro ai kasuwa ce. Wani mai lambu ya ce ɗansa ya yanki tiyon injin ban-ruwa ya sayar. Wata ta ce ta nemi tukunyar gararta ta rasa. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce rabin ajinsa barci suke yi da ido buɗe. Hamisu ya yi magana a ƙarshe, kuma ya yi ta da kyau. Ya lissafa madubi da ham da sirdi, ya faɗi zancen mai gareji, ya ce in ba a yi doka yau ba, gobe tsohuwarsu ba ta da mai kai mata cefane.

Liman, Malam Isma'ila, ya ce shi ba ya hukunci a kan abin da bai gani ba. A nuna masa akwatin. Anas ya kawo salula. Dattawa suka haɗa kawuna a kanta. Aka ce ai sai an biya zai buɗu. Mai unguwa ya laluba aljihu ya biya, saboda maslahar jama'a. Akwatin ya yi girgiza, ya yi walƙiya, kiɗa ya tashi, dattawa suka riƙe numfashi. Sai ga koren wando.

"Wando?" in ji mai unguwa. "Kai, wannan bai yi ba. Sake buɗe ɗaya mu gani."

Ya sake kai hannu aljihu. Liman ya riƙe masa hannun.

"Ranka ya daɗe, na ga abin da nake son gani."

Wurin ya kaure da dariya, har mai unguwa ya taya su, yana gyara rawani. Da aka natsu, liman ya yi bayani a gajarce. Ka ba da kuɗinka, ba ka san abin da za ka karɓa ba, wanda ya karɓi kuɗin kuwa shi ba ya asara ko yaya ta kaya. Wannan caca ce, ko a ƙarƙashin tsamiya aka yi ta ko a cikin salula. Ciniki na halal, mai saye ya ga kaya kafin ya biya.

Hamisu ya ji sanyi a ransa. Mai unguwa ya gyara murya zai yanke hukunci, sai wata murya ta taso daga baya.

"Allah gafarta Malam, mace na iya tambaya?"

Indo ce mai suyar kifi, farantinta a ka, hannunta duk mai. Ta girmi Hamisu, kuma ba a taɓa jin ta rage murya don wani ba.

"Tambayi, Indo."

"Ka ce in mutum ya biya bai ga kaya ba, caca ce. To gurar Hamisu fa?"

Aka fara gunaguni. Kowa ya san abin da take nufi, sai dai ba wanda ya taɓa kallonsa ta wannan fuska. Masuntan tabkin suna kafa gura, wato kejin kama kifi, su nutsar da ita a ruwa, su soka sanda a wurin don shaida. Da safe matan da ke suyar kifi sukan zo bakin ruwa, ba sa jira a ɗago. Mace ta nuna sanda daga nesa ta ce waccan nake so, a yi ciniki, ta biya, sannan masunci ya shiga kwale-kwale ya ɗago mata. In ta cika da tarwaɗa, ta yi guɗa. In kwaɗo ne da ciyawa, ta yi zagi ta koma gida. Haka Hamisu ya tarar ubansa yana yi. Kuma tsarin ya yi wa masunta daɗi ƙwarai: kuɗi na shiga aljihu kafin ƙafa ta jiƙe, kuma a watannin da kifi ke ɓuya, mata ne ke ɗaukar asarar.

"Wannan dabam ne!" in ji Hamisu. "Wannan kifi ne. Abinci ne. Gadonmu ne."

"Jiya kifi ka ɗago mini?" in ji Indo. "Tsohon takalmi ka ɗago mini, Hamisu, ƙafar hagu. Gara ma mai unguwa, shi wando ya samu."

Aka sake kwashewa da dariya. Anas, wanda tun ɗazu ya sunkuyar da kai kamar marayan rago, ya ɗago a hankali.

"Ranka ya daɗe, ni mai biyayya ne. In an hana, na bari. Amma akwatina a rufe, gurar Kawu a rufe. In tasa ta halatta, ban ga laifin nawa ba."

Mai unguwa ya dubi liman. Liman ya shafa gemu. Shi ma yana cin kifin tabkin nan, kuma surukinsa masunci ne. Amma mutum ne da ba ya lanƙwasa magana in ta riga ta fito.

"Kifin da ke cikin ruwa ba a sayar da shi sai an fito da shi," in ji shi. "Wannan a littafi yake tun kafin a haife mu. Ba a tambaye ni ba ne, ni ma kuma ban tambayi kaina ba."

"To," in ji mai unguwa, "ni ba zan yi doka mai ido ɗaya ba. Ko a hana duka biyun, ko a bar duka biyun. Hamisu, kai ka tara mu. Me ka ce?"

Wani masunci mai suna Sani, da ke zaune a bayansa, ya ja masa riga.

"Ka yi shiru maganar ta mutu," ya raɗa masa. "Don moto ɗaya za ka zubar mana da tukunya duka? Wallahi in ka amsa, kar ka sake neman aron komar kamun kifi a wurina."

Hamisu ya duba rana. Ta yi ƙasa, ta fara ja. Mai gareji yana hanya. Ya tuna watannin sanyi, lokacin da za ka ɗago gura goma ka sami abin da bai cika kwano ba, ya san daga yau wannan asarar tasa ce. Ya tuna kuma ranar da ya kawo moton nan daga Maraɗi, ledarsa ma ba a ɓare ba, tsohuwarsu ta fito ta shafa tankin tana sa albarka. Ya ture hannun Sani.

"A hana duka biyun."

Nan take aka yanke. Anas ba zai ƙara sayar da lu'ulu'u a garin ba, in aka kama shi a rufe rumfarsa. Masunta kuma su ɗago gura, mai saye ta ga kifi, sannan a yi ciniki. Liman ya yi addu'a aka shafa. Iyaye suka riƙa zuwa suna yi wa Hamisu godiya. Masunta suka tashi suka wuce shi ba ko sallama.

Yana neman takalmansa a bakin tabarma, sai ga Indo ta matso, ta rage murya, abin da ba a taɓa gani ba.

"Hamisu, gurar nan ta kusa da gindin giginya. Gobe ka bar mini ita a ruwa. Zan biya a ɓoye, ba mai ji."

Ya dube ta baki buɗe.

"Ke da kika tona?"

"Ni tambaya na yi, ban ce a hana ba. Kwana biyu ba a taɓa ta ba, jikina ya ba ni cike take."

"Gobe ki zo ki ga kifi, ki taya," in ji Hamisu. "Ba na son ƙarin magana."

"Kai dai ba ka da daɗin zama," in ji Indo, ta gyara farantinta ta yi gaba.

Ya nufi bakin kasuwa da sauri don ya riga mai gareji. Tun daga nesa ya hango cincirindo a wurin 'yan kabu-kabu. Samarin da ke zama a rumfar Anas ne duka, sun kewaye moto ɗaya, kowa na miƙa hannu. A tsakiyarsu Mansur ne, yana karɓar kuɗi yana cusawa a aljihu, samari biyu sun riga sun hau bayansa sun matse a kan buhun siminti.

"Yaya!" ya ƙwala masa kira, bakinsa har kunne. "Allah ya saka maka da alheri! Dokarka ta kawo kasuwa!"

"Wace kasuwa?"

"Akwai mai sayarwa a Ɗan Isa, can mai unguwa bai da iko. Waɗannan biyun sun biya zuwa da dawowa. Sauran kuma saƙo suka ba ni, kowanne da la'adata a kai. Gobe ma akwai wani akwatin da za a fito da shi, har an fara kama layi. Tun da ka saya mini moton nan ban taɓa yin ciniki irin na yau ba."

"Mai garejin fa?"

"Na buga masa na ce ya sha zamansa. Wa zai jinginar da moto a rana irin ta yau?"

Hamisu ya tsaya yana dubansa. Sai ya miƙa hannu kawai.

"Ba ni takardun."

Wannan karon Mansur bai yi musu ba. Ya sa hannu cikin riga ya zaro su a naɗe cikin leda, ya danƙa masa.

"Riƙe, Yaya, dama ta hanyar daji za mu bi, ba mai tambayarmu takarda. Ka gaida Inna, ka ce gobe da nama zan zo."

Ya buga moto, samari suka dare, ya bi hanyar kudu da mutum biyu a baya da kuɗin rabin samarin gari a aljihu.

Ana kiran magariba Hamisu ya shiga gida. Matarsa Sa'adatu tana tsugune a gaban murhu tana kwashe tuwo. Ya wuce ɗaki, ya ɗaga katifa ya tura takardun can ƙarshe, ya fito ya ɗauki buta.

"Maigida, na ji an yi taro," in ji ta. "Moton ya tsira?"

"Ya tsira."

"Alhamdu lillahi. An yi dokar ke nan?"

"An yi."

"Wa ta kama?"

Hamisu ya zuba ruwa a tafin hannunsa.

"Ni," in ji shi. "Ki tashe ni da wuri gobe. Gura goma sha zan ɗago kafin matan nan su iso."